Rigar Kafaran Arzika

Kakana ba ya labarin yaƙi da dare.
Sai da hantsi, bakin rijiyarmu ta Tawa,
yana tufkar igiya, guga tsakanin ƙafafunsa,
ni kuma na makara zuwa lakwal, ban damu ba.

Ya ce: Jirgin ruwa ya amayar da mu a gaɓar teku
a watan da gero ke bununi a Adar.
Muka rufe ƙasa kamar fari sun sauka,
motoci ba ƙidaya, tankoki na tauna duwatsu,
igwa na tari tun asuba
har kunne ya gaji ya bar gardama.
Aka ce mu yi arewa. Muka yi arewa.
Garuruwan ban riƙe sunansu ba,
na dai riƙe gonakin inabi da muka tattake.
Ni manomi ne, wannan ya tsaya mini a wuya.

Nayussa ɗan Bambai ne a damana,
ɗan kokawa, wuya kamar turmi,
akwatin harsashi shi kaɗai ke saɓa shi.
Bakin wata gada ya ce, "Arzika, riƙe mini butata."
Na riƙe.
Je ka ɗaki, tana nan bayan tukunya.

Jamus na ja da baya, suna cizo suna ja,
irin ja da bayan rago.
Takalmina ya buɗe baki, na ɗaure shi da waya.
Sannan ruwa ya fara zuba fari, ba ƙara,
yatsun ƙafa suka daina amsa kira.
Manya suka shimfiɗa takarda a kan mota,
suka nuna wani kogi da sanda:
daga an ƙetare wannan, yaƙi ya mutu.
Muka ce to, tunda an ci sa, wutsiya ba ta gagara ba.

Wata safiya sarsan ya jera mu a fili.
Ga wasu samari nan, 'yan ƙasar,
ko gemu bai yanke shawarar fitowa ba.
Aka ce mu ba su bindigogi. Muka ba su.
Aka ce hular ƙarfe. Muka cire.
Aka ce rigar sanyi.
An ce tausayinmu ake, wai jikinmu bai san ƙanƙara ba.
Tausayin da ya jira sai da aka hango kogi.

Nawa yaron jan gashi gare shi, hanci na zuba.
Rigar ta yi masa yawa, na naɗe masa hannu sau biyu.
Bai dube ni ba. Ban ga laifinsa ba.
Sai da mota ta juya da mu kudu
na tuna layar da inna Tsahara ta ba ni,
wadda na ɗinke a cikin shafin rigar, daidai zuciya.

Ranar da ƙararrawa ta cika gari an ce an gama,
ina bariki ina feren dankali.

Nan kakana ke ja da igiya, ya gwada ƙarfinta da ƙafa.
Bai taɓa kawo zancen fansho ba,
ko lambar da ya bar mana muna wasa da ita a yashi.
Abu ɗaya yake tambaya, ba ni yake tambaya ba:
ko layar ta san ba ni ba ne?
Ko ta yi aikinta, ba ruwanta da fata?

In ta yi, ya ce, akwai wani tsoho can
da jikoki masu jan gashi,
yana tsammanin sa'arsa ce.

Sai ya saki guga.
Rijiyar Adar gaba ashirin ce da ɗoriya,
mukan daɗe shiru
kafin mu ji ya taɓa ruwa.